Gam ɗin da ke haɗa ƙwaƙwalwar jariri, da dalilin taruwar ruwa a kan wasu yara

 A wannan makon za mu yi magana ne a kan jaririn da kansa ke ta girma fiye da jikinsa, abin da likitoci ke kira taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Kusan kowa ya taɓa ganin irin wannan yaro, ko a unguwa ko a bakin asibiti, kuma kun san maganganun da ke biyo baya. Wani ya ce uwar ce ta yi yawon dare da ciki, wani ya ce ta tsallake wani abu, wani ya ce iska ce ta musanya ɗan. Ana cikin wannan cece-kuce watanni na wucewa, ruwan na ƙara danne ƙwaƙwalwar yaron, wani lokaci ma aure ya mutu a kai. Don haka na ga ya dace mu koma tushe, mu ga yadda ake gina ƙwaƙwalwa a cikin mahaifa, da inda ginin ke samun tangarɗa, da abin da ke hannunmu.

Bulo da siminti

Jikin ɗan'adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A ƙwaƙwalwar babba kaɗai akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. To amma tara bulo a fili bai zama gida ba, sai an jera kowanne a muhallinsa an kama shi da siminti. A jiki, wannan aikin na wasu sinadarai ne na furotin da ke zaune a bayan kowace ƙwaya, suna miƙa hannu suna kama na maƙwabciyarta. Su nake kira gam a wannan rubutu.

Wani masani ɗan Japan mai suna Masatoshi Takeichi ne ya lura, a wani bincike da ya wallafa a 1977, cewa akwai wani nau'in mannewa da ba ya yiwuwa sai da sinadarin kalsiyam. Idan aka cire kalsiyam sai ƙwayoyin su watse. Daga baya aka sa wa wannan dangin gam suna kadarin. Abin sha'awa game da shi, kowane iri ya fi son kama irinsa. Ƙwayoyin da za su zama fata suna ɗauke da iri ɗaya, waɗanda za su zama ƙwaƙwalwa da laka kuma suna sauya nasu zuwa wani iri dabam. Ta haka kowa ke gane ɗan gidansu. Sai dai kada wata ta karanta wannan ta ruga kemis sayen ƙwayar kalsiyam don ɗanta ya yi basira. Jiki na daidaita kalsiyam ɗin da ke cikin jini da kansa, ƙarin ƙwaya ba ya ƙara wa gam ɗin ƙarfi.

Makon da ba ki san kina da ciki ba

A mako na 3 bayan shigar ciki, ɗan tayin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. A bayansa akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen faifai na ƙwayoyi. Gefunan faifan nan biyu sai su tashi su lanƙwaso, su haɗu a tsakiya su manne, kamar yadda ake naɗe tabarma, su zama bututu. Saman bututun shi zai zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. Wannan rufewa tana faruwa tsakanin kwana 21 zuwa 28 da shigar ciki. Ki lissafa da kyau, 'yar'uwa: lokacin ke nan da al'adarki ta yi jinkirin mako ɗaya ko biyu, kina tunanin ko sauyin yanayi ne. Kafin ki je awon farko an riga an gama wannan aiki.

Idan ƙasan bututun bai rufe ba, sai a haifi yaro da ƙari ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, sau da yawa tare da raunin ƙafafu da kasa riƙe fitsari, kuma mafi yawan masu irin mai tsananin sukan samu taruwar ruwa a kai. Idan saman ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwar ba ta ginuwa, jaririn ba ya rayuwa.

Gam mai suna L1

Bayan bututu ya rufe sai a shiga aikin ja wa gida waya. Kowace ƙwayar jijiya tana fitar da wani dogon zare da zai tafi neman inda aka tura shi. Wani zaren zai taso daga saman ƙwaƙwalwa ya gangara cikin laka, wani zai tsallaka daga ɓangaren hagu zuwa na dama. Zaren ba shi da ido, da taɓawa yake gane hanya. Ɗaya daga cikin manyan masu yi masa jagora shi ne wani gam da ake kira L1, wanda ɗakin binciken wata masaniya mai suna Melitta Schachner a Jamus ya bayyana a 1984. L1 na zaune a jikin zaren da ke tsirowa, yana kama L1 na zaren da ya riga shi wucewa, sai su bi juna su zama dami guda kamar yadda ake tufka igiya. Yana kuma taimaka wa sababbin ƙwayoyi su yi ƙaura daga inda aka haife su zuwa inda za su zauna.

Umarnin ƙera L1 yana rubuce a cikin wata ƙwayar gado. Idan aka samu kuskure a rubutun, gam ɗin zai fito a lalace ko ya ƙi fitowa sam. Tun a 1949 wasu likitoci biyu, Bickers da Adams, suka ba da rahoton wani dangi da ake ta haifar 'ya'ya maza masu ruwa a kai, amma sai a 1992 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka gano cewa ƙwayar gadon L1 ce ke da matsala. An ƙiyasta cewa wannan larura tana samun kimanin ɗaya cikin jarirai maza 30,000.

Ga yadda ruwan ke taruwa. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ɗakuna da ke samar da wani ruwa garai-garai dare da rana. A jikin babba ya kai kusan rabin lita a kullum. Ruwan na bi ta wata siririyar hanya ya fita ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya shanye shi. A yawancin yaran da L1 ɗinsu ya lalace wannan hanya a tsuke take. Famfo na zuba, magudana ta toshe, sai ɗakunan su kumbura. Da yake ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, sai kan ya yi ta buɗewa.

Ban da ruwan, akan ga wasu alamomi. Da yawa daga cikin yaran babban yatsansu na hannu a lanƙwashe yake cikin tafi, ba ya buɗewa. Ƙafafu kan sandare, saboda zaruruwan da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi ba su ginu daidai ba. Gadar da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu takan zama siririya ko babu ita. Magana da koyo kan zo da jinkiri. Tsananin ya bambanta, har a cikin dangi ɗaya: wani a haife shi da babban kai, wani kuwa ɗingishi da jinkirin magana kawai za a gani. Ki lura, kowane sabon jariri yakan dunƙule hannu da babban yatsa a ciki a watannin farko, wannan ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne yatsan da ya ƙi buɗewa bayan watanni, musamman idan akwai sauran alamomin.

Me ya sa sai maza?

Ƙwayar gadon L1 tana kan wata sandar gado da ake kira X. Mace tana da X biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Namiji yana da X ɗaya daga uwarsa, sai Y daga ubansa. Idan X ɗaya na mace yana da kuskuren, ɗayan yakan rufa mata asiri, ta rayu lafiya ba ta ma san tana ɗauke da komai ba. Namiji kuwa ba shi da na biyun da zai cece shi. Don haka idan uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. Kowace 'ya mace ma rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da shi. Wannan lissafi sabo ne a kowane ciki. Haihuwar mai larura yau ba ta nufin na gaba zai tsira, ba ta kuma nufin zai kamu.

A nan ina so in yi magana da kai, maigida, da ke, uwar miji. Jin cewa abu ya bi ta wajen uwa ba lasisin gori ba ne. Ba ta zaɓi abin da ta gada ba, kamar yadda kai ma ba ka zaɓi rukunin jininka ba. Wani lokaci ma kuskuren sabo ne, a kan yaron ya fara, babu shi a jikin kowa a dangi. Kuma ba auren zumunci ke kawo wannan nau'in ba, ko da yake akwai wasu cututtukan gado da auren zumunci ke ƙara yiwuwarsu. Amfanin sanin hanyar gadon shi ne a shirya. Idan a danginki na wajen uwa an taɓa haifar namiji mai babban kai, ko ƙaninki ne, ko kawunki, ko ɗan yayarki mace, ko kuwa an yi ta rasa jarirai maza ba a san dalili ba, ki faɗa wa likita tun a awon farko. Za a yi miki hoton ciki wajen mako na 20, kuma a maimaita daga baya, domin wani lokaci ruwan ba ya nunawa sai ciki ya tsufa. Sannan a tsara haihuwa a asibitin da ake tiyata. Babban kai na iya maƙalewa, doguwar naƙuda kuwa ita ke jawo yoyon fitsari, ko fashewar mahaifa, ko rasa uwa da ɗa.

Yawancin masu ruwa a kai ba gado ba ne

Kada bayanin L1 ya sa a ɗauka duk yaro mai babban kai gado ya yi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Benjamin Warf, wanda ya yi shekaru yana aiki a asibitin yara na garin Mbale a Uganda, ya gano cewa kimanin 60 cikin 100 na yaran da ya duba, ruwan ya biyo bayan wata cuta ce da ta kama su suna jarirai. Ƙwayar cuta ta shiga jini ko ta haddasa sanƙarau, ta bar tabo ya toshe magudanar. Sauran dalilan sun haɗa da rashin rufewar bututun baya da muka ambata, da zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini. Wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangaren, domin yawancin waɗannan ana iya kauce musu. A haihu a wuri mai tsabta. A kula da cibiya da man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, a cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido, a bar man goge baki da toka da gashi da tsumma. Jaririn da bai kai wata biyu ba idan ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, asibiti za a nufa a ranar, ba a tsaya ba shi farasitamol ana jiran gobe ba. A kuma cika allurar rigakafi.

Abin da ke kan kantar magani

Yanzu bari mu zo fannina. Abu na farko shi ne folik asid. Shi ba gam ba ne, kuma ba ya gyara kuskuren L1. Aikinsa shi ne taimaka wa ƙwayoyi su rarrabu da sauri a lokacin da bututun ke rufewa. Wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya, aka wallafa a 1991, ya nuna cewa a cikin matan da suka taɓa haifar yaro mai wannan larura, folik asid ya rage maimaituwarta da kimanin kashi 72 cikin 100. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mikirogiram 400 a kullum, tun daga lokacin da mace ta fara neman ciki. Tunda yawancinmu ba ma sa wa ciki rana, duk matar da ke da aure kuma ba ta tsarin iyali ya kamata ta riƙa sha. Amarya ta fara tun kafin biki.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani. 'Yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da aka fi sayarwa a kemis ɗinmu miligiram 5 ce, wato ta ninka mikirogiram 400 fiye da sau 12. Wannan babban awo na matan da ke cikin haɗari ne na musamman, kamar wadda ta taɓa haifar mai larurar, ko mai ciwon suga, ko mai sikila, ko mai shan maganin farfaɗiya. Matsalarsa ita ce yana rage ƙarfin Fansidar, maganin da ake ba masu ciki a wajen awo daga wata na 4 don kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka ki duba abin da aka rubuta a jikin kwalin, kuma idan mai miligiram 5 kike sha, ki faɗa wa ma'aikaciyar awo kafin ta ba ki Fansidar, ita za ta tsara miki yadda za a yi.

Na biyu, maganin farfaɗiya mai suna balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim. Cikin kowane jarirai 100 da uwarsu ta sha shi da ciki, kimanin 10 kan zo da wata naƙasa, 1 zuwa 2 da buɗaɗɗen baya, kuma 30 zuwa 40 kan samu matsalar koyo ko jinkirin girma. Shi ya sa tun 2018 hukumomin magunguna na Turai suka tsaurara ƙa'idar ba da shi ga matan da ke shekarun haihuwa. Tegretol ma yana da nasa haɗarin, ko da yake bai kai wannan ba. Amma ki ji ni da kyau: kada ki daina maganin farfaɗiya da kanki don kin ga ciki. Faɗuwa ɗaya mai tsanani na iya kashe ki da abin da ke cikinki. Lokacin zuwa wajen likita a sauya magani shi ne kafin ciki ya shiga. Iyayen da ke shirin aurar da 'ya mai farfaɗiya, ku sa wannan cikin shirin biki, ya fi wani akwatin muhimmanci. Septrin ma yana takura wa folik asid a jiki, don haka mai sabon ciki kada ta saye shi da kanta don tari ko gudawa. Wadda likita ya ɗora ta a kansa kuwa ta ci gaba, ta dai sanar da shi tana da ciki.

Na uku, barasa. Binciken da Michael Charness da abokan aikinsa suka yi a Amurka a shekarun 1990 ya nuna cewa, a ɗakin gwaji, barasa ko ba ta da yawa tana hana L1 kama ɗan'uwansa. Masana na ganin wannan na cikin hanyoyin da giya ke lalata ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Za ki ce ai ke ba kya shan giya. To amma mu da ke zaune a garuruwa irin su Legas da Ibadan da Fatakwal mun san jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tasha da kasuwa, na basir da na ciwon baya da na wankin ciki. Da yawansu a cikin ogogoro ake jiƙa su, haka ma magungunan ɗaci na kwalba da na leda. Wasu magungunan tari da na ƙarin jini ma akwai barasa a ciki. Mai ciki ta karanta kwali, ta tambayi mai kemis, abin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kuwa ta bar shi.

Idan kan ya riga ya fara girma

Zagayen kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai santimita 33 zuwa 36 a ranar haihuwa. Duk lokacin da kika kai shi rigakafi ki roƙi a auna kan a rubuta a kati, domin saurin ƙaruwar ake dubawa, ba awo ɗaya ba. Alamomin da za su sa ki tafi asibiti ba jira su ne maɗigar da ta kumbura ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake ba, jijiyoyin fatar kai da suka fito raɗa-raɗa, idanun da suka koma kallon ƙasa har farin sama ya bayyana, amai mai tsartuwa, yawan barci, da kuka mai tsini.

Babu ƙwaya ko sirop ko jiƙo da ke tsotse wannan ruwa. An gwada magungunan sa fitsari irin su Lasix da Diamox a kan bakwainin da suka samu zubar jini a ƙwaƙwalwa, sakamakon da aka wallafa a 1998 ya nuna ba su rage buƙatar tiyata ba, yaran da aka ba ma sun fi samun matsala. Ɗaure kai da ƙyalle, da tsaga, da shafe-shafe a maɗiga ba sa buɗe magudanar da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, sai dai su buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Maganin tiyata ce. Ko dai a sa wata siririyar roba a ƙarƙashin fata ta kwashe ruwan daga kai zuwa ciki, ko a shiga da na'ura mai kyamara a huda wa ruwan sabuwar hanya. Manyan asibitocin koyarwa irin na Ibadan da Legas da Inugu da Kano da Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Yaron da aka sa wa roba, duk ranar da ya fara amai, ko zazzaɓi, ko barcin da ba a saba gani ba, a mayar da shi nan take, domin robar na iya toshewa ko ta kamu da cuta.

Yara da dama da aka yi wa aiki da wuri suna tashi su yi makaranta kamar kowa. Ga mai larurar L1 kuwa, tiyata tana sauke nauyin ruwan ta ceci rai, amma ba ta sake jan wayar da ba ta jawu ba tun a ciki. Zai buƙaci gashin ƙashi, da koyar da magana, da haƙurin iyaye na shekaru. Idan likita ya rubuta masa bakulofen don sassauta sandarewar gaɓoɓi, a ba shi yadda aka ce, kuma kada a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi. Wannan hidima ta fi ƙarfin uwa ita kaɗai, dole uba da dangi su sa hannu, da kuɗinsu da lokacinsu.

Aikin da zan bar muku a wannan makon guda biyu ne. Ke mai shirin ciki, ki nemi folik asid yau, ki duba awon da ke jikin kwalin. Ke mai goyo, ki ɗauko katin rigakafi ki ga ko an taɓa rubuta awon kan ɗanki, idan ba a rubuta ba ki nemi a auna a zuwa na gaba.